PATH Tsakanin Windows da Linux: Juya Sanda Ba Fassara Ba Ne

Akwai wani ɗan layin umarni da ke yawo a hannun matasanmu masu koyon rubuta manhaja, kuma na gaji da ganin ɓarnar da yake yi. Wani ya kwafo shi daga wani wuri, ya tura wa abokinsa, abokin ya watsa wa 'yan ajinsu, yanzu ya zama ruwan dare. Aikin layin bai wuce biyu ba. Duk inda ya ga ruwa biyu (:) a cikin PATH sai ya mayar da shi waƙafi mai ruwa (;), duk inda ya ga sanda jirge (/) sai ya juya ta baya (\). Wai shi ke nan an fassara PATH daga tsarin Linux zuwa na Windows. Masu ƙarfin hali ma ba sa tsayawa nan, sai su ɗauki abin da ya fito su danna shi cikin saitin Windows na dindindin, na mai amfani da na tsarin kwamfuta, da umarnin setx. Kafin ka ce kwabo kwamfuta ta manta inda ping yake, ta manta ipconfig, Python ɗin da aka girka jiya ya zama baƙo. Sai a ce bairos ne ya shige ta. Sai a nufi shagon mai gyara, shi kuwa ba ya ɓata lokaci, fomat zai yi mata. Aikin makaranta ya tafi, hotunan biki sun tafi, ga kuɗin data na sake sauke komai daga farko. Garin neman gira an rasa ido.

Abin ya yawaita ne saboda masu koyo sun yawaita. Tun da gwamnatin tarayya ta buɗe shirin 3MTT a 2023, ga kuma darussan intanet da ba su ƙirguwa, yara da yawa a Arewa sun shiga harkar. Kusan kowa kwamfutar hannu yake riƙe da ita 'yar gwanjo, da Windows a kanta. Malamin da ke cikin bidiyon kuwa galibi a kan Mac yake ko Linux. Don a bi shi ƙafa da ƙafa sai a girka Git Bash, ko WSL, ko MSYS2, ko tsohuwar Cygwin, waɗanda duk suke ba ka yanayi irin na Linux a cikin Windows. Ba laifi a nan, kayan aiki ne masu kyau. Rikicin yana tashi ne lokacin da kake zaune cikin ɗaya daga cikinsu, sai ka kira manhaja 'yar asalin Windows, irin su java.exe ko adb.exe ko notepad.exe, wadda ba ta jin yaren da kake yi.

PATH dai jerin foldoji ne. Idan ka rubuta python ka danna Enter, kwamfuta ba ta bincike faifanta gaba ɗaya. Wannan jerin take bi, folda bayan folda, daga hagu zuwa dama, ta tashi wanda ta fara samu. Idan ta kai ƙarshe ba ta samu ba, Linux ta ce "command not found", Windows kuma ta ce "is not recognized as an internal or external command". Akwai 'yan'uwansa masu irin ƙirarsa, kamar CLASSPATH na Java da PYTHONPATH na Python. Shi ke nan ma'anar, mu wuce.

Dalilin da ya sa ɓangarorin biyu suka bambanta tsoho ne. Unix, kakar Linux, an fara ta a Bell Labs ta Amurka a 1969, kuma tushe ɗaya take da shi, wato /, komai a ƙarƙashinsa yake. Ruwa biyu ba shi da wani aiki a adireshin fayil, sai aka ba shi aikin raba jerin. DOS kuwa, wadda Windows ta gada, ta ɗauko al'adar sa wa faifai harafi daga CP/M: A:, B:, C:. Ruwa biyu ya riga ya samu aiki, dole aka nemi wata alama, aka ɗauki waƙafi mai ruwa. Lokacin da DOS 2.0 ta zo da foldoji a 1983, sanda jirge ma tana da aiki, da ita ake ba umarni zaɓi, kamar dir /w. Sai aka juya ta baya don raba sunayen foldoji. Fiye da shekara arba'in ke nan muna biyan bashin wannan shawarar.

To, ga inda masu ɗan layin nan suka ɓata. Sun dubi jerin biyu, sun ga alamomi biyu sun bambanta, sai suka yanke cewa bambancin ke nan duka. Haba jama'a! Da abin da sauƙi haka, me zai sa mutanen da suka rubuta Cygwin tun 1995 su zauna su ƙera umarni guda, cygpath, don wannan aikin kaɗai? Me zai sa Microsoft da kanta ta ƙera wslpath? Wawaye ne su, ko ba su iya nemo harafi a sauya shi da wani ba?

Mu fara daga Windows zuwa Linux, mu gani da ido. Ga jeri mai foldoji biyu kacal:

C:\Windows\System32;C:\Python312

Ka juya sandunan, ka mayar da waƙafi mai ruwa ya zama ruwa biyu, sai ka samu:

C:/Windows/System32:C:/Python312

A idonka ya yi kyau. Amma bash, mai karanta umarni a yanayin Linux, ba da idonka take karatu ba. Ita duk inda ta ga ruwa biyu yankewa take yi, ba ruwanta da harafin faifai. Abin da ta gani foldoji huɗu ne: C, sai /Windows/System32, sai wani C, sai /Python312. Biyu ka bayar, huɗu suka fito, kuma ko ɗaya babu na gaskiya a ciki. Ba a nan ma tashin hankalin yake ba. Wannan C ɗin da ya tsaya shi kaɗai, tunda bai fara da sanda ba, bash tana ɗaukarsa a matsayin wata folda mai suna C a cikin duk foldar da kake tsaye a lokacin. Ka sauke wani aiki daga intanet, ka shiga ciki, idan wani mugu ya ajiye folda mai suna C da ɗan fayil mai suna git ko python a cikinta, kuma wannan C ɗin yana gaban jerinka, to nasa za a tasa, ba naka ba. Da hannunka ka buɗe masa ƙofa, sannan gobe ka ce an yi maka kutse.

Akwai wani rami kusa da wannan. A Windows abu ne da aka saba gani PATH ya ƙare da waƙafi mai ruwa, ko a samu biyu a jere a tsakiya, saboda manhajojin da aka girka aka cire sun bar ɓurɓushi. Idan ka sauya su kai-tsaye, za ka samu ruwa biyu a ƙarshen jeri ko biyu a manne. A wurin bash, gurbin da babu komai a cikin PATH ma'anarsa "foldar da nake ciki yanzu". Wannan tsohuwar ƙa'ida ce ta Unix, rubuce take a littafin bash. Ma'abota Linux da gangan suke hana foldar da ake ciki shiga PATH don tsaro, kai kuma ka cusa ta ba ka ma sani ba.

Yanzu mu juyo daga Linux zuwa Windows, inda ɗan layin ya fi cin kasuwa. A ce kana cikin Cygwin, jerinka shi ne:

/usr/bin:/cygdrive/c/Windows/System32

Sauyin makanta zai ba ka:

\usr\bin;\cygdrive\c\Windows\System32

Windows za ta karanta wannan ba musu. Adireshin da ya fara da sanda ɗaya ba harafi, tana ɗaukarsa daga tushen faifan da kake kai. Za ta nemi C:\usr\bin, babu. Za ta nemi C:\cygdrive\c, babu, domin babu wata folda mai suna cygdrive a faifanka, suna ne kawai da Cygwin ta ƙirƙira a cikin kanta. Amsar gaskiya ita ce:

C:\cygwin64\bin;C:\Windows\System32

Don Allah a tsaya a dubi wannan da kyau. Daga ina cygwin64 ya fito? Ba ya cikin jerin farko ko kaɗan. Ina usr ya shiga? Ya ɓace, domin Cygwin ta ɗaura /usr/bin ne a kan foldarta ta bin. Babu wata dabarar sauya harafi da za ta haifar da kalmar da ba ta nan, ko ta san wadda za ta goge. Wannan bayanin yana cikin jadawalin Cygwin na abin da ta ɗaura a ina, kuma wanda ya karanta jadawalin ne kaɗai zai iya fassarawa.

Idan mutum ya ce maka gidansa yana bayan masallacin Juma'a, kwatancen ya ishi ɗan garinsu. Kai da kake nesa, ko da boko ka rubuta maganar ko ka juya ta da ajami, ba za ta gaya maka Katsina ake nufi ko Damagaram ba. Sai ka tambayi wanda ya san garin. Haka /usr/bin yake. A Cygwin yana nufin C:\cygwin64\bin, idan a nan aka girka ta. A MSYS2 yana nufin C:\msys64\usr\bin. A Git Bash yana nufin C:\Program Files\Git\usr\bin. A WSL kuwa ba ya kan faifan C ta yadda ka saba gani sam, a cikin wani faifan Linux na daban yake, Windows tana kai masa ziyara ne ta adireshin da ya fara da \\wsl$ ko \\wsl.localhost. Rubutu ɗaya, wurare huɗu.

Faifan C kansa ma sunansa ya danganta da inda kake. Cygwin ta ce /cygdrive/c, Git Bash da MSYS2 su ce /c, WSL ta ce /mnt/c. Wani mai wayo zai ce to ai sai in ƙara wa layina ƙa'ida uku, ko wanne ya gani ya mayar da shi C:. Malam, waɗannan sunayen ba saukakku ba ne. A Cygwin ana sauya /cygdrive a fayil ɗin /etc/fstab, a WSL ana sauya /mnt a /etc/wsl.conf, kuma mutane suna sauyawa. Layinka zai yi aiki a kwamfutarka, ya kife a ta abokin aikinka, ku kwana kuna zargin juna. Sannan ina foldojin da ke kan wata kwamfutar ofis, masu farawa da sanduna biyu? Ina gajerun hanyoyin da ke nuni zuwa wani wuri daban? Kowace ƙa'ida ka ƙara, sabon rami ne ka haƙa.

Ita kanta sandar baya ba baiwar Allah ba ce. A bash da Python da C da Java alamar kuɓutar da harafi ce, tana sauya ma'anar abin da ya biyo ta. Ka rubuta cd C:\Users\Musa a bash ba alamun zance, ta haɗiye sandunan ta bar maka C:UsersMusa. Ka rubuta "C:\new" a Python, \n ɗin ya zama sabon layi. Ka rubuta "C:\Users" a Python 3, ta ƙi ma tashi, domin \U a wurinta farkon lambar harafin Unicode ne. Ga kuma Program Files da filin da ke tsakiyarsa, wanda ke raba adireshi gida biyu duk lokacin da aka manta alamun zance. Wani abin dariya shi ne Windows a cikinta tana karɓar sanda jirge ta gaba a mafi yawan wurare. C:/Users/Musa adireshi ne ingantacce ga Python da Java da PowerShell. Wato rabin aikin da ɗan layin yake taƙama da shi, juya sanda, sau da yawa ba a ma buƙatarsa. Rabin da ake buƙata kuwa, gano ainihin wurin, bai iya ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, PATH ɗin da ake wahalar fassarawa da hannu an riga an fassara shi. Idan ka buɗe Cygwin, da kanta take karɓar PATH na Windows ta mayar da shi tsarin Unix, idan kuma ka kira manhajar Windows daga ciki ta mayar mata da shi yadda za ta gane. MSYS2 da Git Bash haka suke yi. WSL ma tana ɗauko PATH na Windows ta jona shi a bayan na Linux, shi ya sa notepad.exe yake tashi daga cikin Ubuntu ɗin da ke kan WSL. Wanda ya zo ya sake fassara abin da aka fassara, ɓata shi kawai yake yi.

Inda ake buƙatar hannunka shi ne sauran jerin da kuma abin da ka rubuta a gaban umarni, kuma a nan kowace da halinta. Cygwin ba ta taɓa abin da ka miƙa wa manhaja. Ka ba java.exe jerin CLASSPATH mai ruwa biyu da /cygdrive, haka zai isa gare ta, ita kuwa Java ta Windows waƙafi mai ruwa ta sani, sai ta ce ba ta ga ajin da kake nema ba. WSL ma ba ta taɓawa: ka ce notepad.exe /home/musa/wasika.txt, Notepad ta rasa inda za ta dosa.

Git Bash kuwa nata laifin zaƙewa ne. Duk abin da ya yi mata kama da adireshin Unix sai ta fassara shi kafin ta miƙa wa manhajar Windows, ko ka so ko ba ka so. Masu gyaran waya da ke amfani da adb su saurara, wannan naku ne. Ka jona wayar Android, ka rubuta:

adb push hoto.jpg /sdcard/

Kai /sdcard/ na cikin waya kake nufi. Git Bash ba ta san akwai waya ba. Ta ga abu ya fara da sanda, sai ta manna masa tushenta, adb ya karɓi C:/Program Files/Git/sdcard/, ya je neman wannan wurin a cikin waya, ya dawo da kuskure. Sai mai gyara ya sauya waya ta caji, ya sauya rami, ya sake girka direba, daga ƙarshe ya ce wa mai waya ai sai an yi mata filashin. Alhali sunan wurin yana nan ɓaro-ɓaro cikin saƙon kuskuren, ba wanda ya karanta. Haka take yi wa Docker: ka rubuta -v /c/aiki:/app, ta ga ruwa biyu tsakanin adireshi biyu, ta ɗauka jeri ne, ta fassara duka biyun ta haɗa su da waƙafi mai ruwa. Shi ya sa wasu suke tsintar wata baƙuwar folda mai ;C a ƙarshen sunanta suna tambayar wa ya ƙirƙira ta. Haka take yi wa openssl idan ka ba shi /CN=. Har cmd /c ba ta bari ba, /c ɗin ya koma C:/ a hanya.

Ina da magana da masu gyara. Mutum ya kawo maka kwamfuta, amana ce ya kawo. Idan ka ji ya ce wasu umarni sun daina aiki amma kwamfutar tana tashi lafiya, ba ta nauyi, burauza tana buɗewa, me zai hana ka buɗe tagar umarni ka rubuta echo %PATH% ka gani? Minti biyu ne. Goge wa ɗalibi aikin shekara saboda kai fomat ka fi iyawa, kuma ya fi kawo kuɗi, ba sana'a ba ce, zalunci ne, kuma za a tambaye ka. Ku ma masu koyo kuna da naku kason. Ka ga layin umarni ba ka san abin da yake yi ba, ka kwafa ka liƙa a tagar da aka buɗe da ikon mai kwamfuta, don kawai wani ya ce ya yi masa aiki. Ya yi masa aiki a wace kwamfutar, cikin wane yanayi? Ba ka tambaya ba. Masu turawa kuma su ji tsoron Allah, abin da ba ka gwada ba kuma ba ka fahimta ba, kada ka raba shi da sunan taimako.

Ba na cewa duk "not recognized" daga nan yake. Wani bai girka manhajar ba ma, wani ya manta alamar da ke ƙara Python cikin PATH lokacin girkawa, wani tsohuwar taga ce bai rufe ya buɗe sabuwa ba, kuma bairos na gaske yana nan a duniya.

Wanda ya riga ya yi ɓarnar, kada ya rufe komai, kada ya kashe kwamfutar. Duk tagar umarnin da aka buɗe kafin a yi setx tana riƙe da tsohon PATH a cikinta, domin setx sababbin tagogi yake shafa. Je can ka rubuta echo %PATH%, ka kwafe abin da ya fito ka adana a Notepad. Ka tsira ke nan. Idan an riga an rufe duka, duba ko akwai System Restore, domin PATH a rajistar Windows yake zaune, mayar da kwamfuta baya zai dawo da shi ba tare da taɓa takardunka ba. Idan wannan ma babu, danna Start ka rubuta environment, ka buɗe wurin gyaran, ka mayar wa Path na sama (na mai amfani) da na ƙasa (na tsarin kwamfuta) hankalinsu da hannu. Na tsarin kwamfuta ya kamata a ƙalla ya ƙunshi C:\Windows\System32, da C:\Windows, da C:\Windows\System32\Wbem, da C:\Windows\System32\WindowsPowerShell\v1.0\. Sauran, irin su Python da Git da Java, sai ka nemo foldojinsu ka ƙara ɗaya bayan ɗaya.

Shi kuwa setx, a nisance shi a kan PATH baki ɗaya, ko da babu maganar Linux. Microsoft da kanta ta rubuta cewa yana yanke duk abin da ya wuce haruffa 1024, kuma PATH na kwamfutar da aka daɗe ana girke-girke a kanta yana wuce haka cikin sauƙi. Bayan wannan, %PATH% ɗin da kake gani a taga haɗin jeri biyu ne, na tsarin kwamfuta da na mai amfani. Idan ka ce setx PATH "%PATH%;wani abu", ka kwashe duka biyun ka zuba cikin guda ɗaya, komai ya ninku, sannan a yanke wutsiyar. Idan ka ƙara /M, na tsarin kwamfutar kacokan ka rubuce. Tun Windows 10 akwai akwatin gyara mai nuna kowace folda a layinta, da maɓallin ƙarawa da na ɗagawa sama. Yi amfani da shi. Kafin ka taɓa komai kuma, kwafi tsohon ka ajiye.

Kafin ka fassara wani abu, san inda kake tsaye. Rubuta uname -s. Idan amsar ta fara da CYGWIN, a Cygwin kake. MINGW64 ko MSYS, Git Bash ce ko MSYS2. Linux, to WSL ce ko Linux ta gaske. Sannan ka san abin da kake kira. A bash rubuta type -a python, a tagar umarnin Windows where python, a PowerShell kuma where.exe python, domin where zalla a can wani abu ne daban. Don ganin jerin layi-layi, a bash echo "$PATH" | tr ':' '\n', a PowerShell $env:Path -split ';'. Rabin matsalolin nan da zarar an baje jerin a gaba suke bayyana kansu.

A Cygwin da MSYS2 da Git Bash, mai fassara shi ne cygpath. Da -w yana mayar da adireshi tsarin Windows, da -u tsarin Unix, da -m kuma tsarin Windows amma da sandar gaba, wanda shi na fi so domin babu abin da bash za ta haɗiye. Idan jeri ne ba adireshi ɗaya ba, dole ka ƙara -p, in ba haka ba zai ɗauki jerin duka a matsayin sunan folda guda. Ga yadda ake kiran Java:

java -cp "$(cygpath -wp "$CLASSPATH")" Gwaji

Kada a yar da alamun zancen nan, na ciki da na waje. Kuma ba ƙirƙirata ba ce. Duk wanda ya buɗe fayil ɗin catalina.sh da ke tasa Apache Tomcat zai ga yana fara duba ko a Cygwin yake, sannan ya kira cygpath ya fassara CLASSPATH dab da tashin Java. Lura da lokacin: a cikin rubutun umarninka bar komai a tsarin Unix, sai a layin da kake miƙa wa manhajar Windows ka fassara, kuma kada ka mayar da fassarar cikin PATH ɗin da bash take aiki da shi.

Don hana Git Bash zaƙewa, sa MSYS_NO_PATHCONV=1 a gaban umarnin, a layi ɗaya:

MSYS_NO_PATHCONV=1 adb push hoto.jpg /sdcard/

Ko kuma ka ninka sandar farko ka rubuta //sdcard/, haka ma cmd //c. A MSYS2 ta asali sunan saitin MSYS2_ARG_CONV_EXCL ne, ka ba shi farkon abin da ba ka so a taɓa, ko tauraro idan duka kake nufi. Amma kada ka sa wannan cikin .bashrc ya zauna har abada. Da zarar ka kashe fassarar, /c/Users ɗinka ma ba za a fassara wa adb shi ba, sai ka koma ka ba shi adireshin Windows da kanka.

A WSL akwai wslpath, da -w da -u da -m kamar ɗan'uwansa, sai dai adireshi ɗaya yake ɗauka, ba ya karɓar jeri. Don jeri, tun 2018 Microsoft ta kawo WSLENV. Kana rubuta sunan saitin da kake so ya ƙetare, ka bi shi da /p idan adireshi ɗaya ne, ko /l idan jeri ne, misali WSLENV=CLASSPATH/l, WSL ta fassara shi duk lokacin da aka tsallaka. Ƙarin /u yana nufin daga Windows zuwa Linux kawai, /w kuma akasin haka. Idan kuma ka lura npm ɗinka a Ubuntu yana fitowa daga /mnt/c/Program Files/nodejs, to na Windows ne ya shigo ta jerin da aka jona. Girka na Linux, ko ka rubuta appendWindowsPath=false a ƙarƙashin sashen interop na /etc/wsl.conf, ka sake tashin WSL. Ka sani dai bayan haka notepad.exe ba zai amsa da sunansa kaɗai ba sai ka ba da cikakken adireshi. Masu tasa manhajar Windows a Linux ta hanyar Wine su ma suna da nasu, winepath, kuma a can tushen Linux faifan Z: ne.

Mai rubuta manhajar kansa kuma ya daina rubuta ruwa biyu ko waƙafi mai ruwa da hannu a cikin aikinsa. Python tana da os.pathsep, Java tana da File.pathSeparator, Node yana da path.delimiter, kowanne zai ba ka alamar da ta dace da inda manhajar take gudana.

Saura tsarin jerin. Ko fassara ta yi daidai, wanda ke gaba shi ke cin nasara, kuma akwai sunayen da ɓangarorin biyu suke takara a kai. Windows tana da find.exe da sort.exe a System32, Unix ma tana da find da sort, aikinsu kuwa ya sha bamban. Akwai link na Unix da link.exe na Visual Studio. Idan System32 ya riga /usr/bin a cikin bash, rubutun umarninka zai kira find na Windows ya faɗi. Idan kuma ka ɗora foldar usr\bin ta Git a gaban PATH na Windows, tsofaffin fayilolin .bat ne za su fara kuka. Lokacin girka Git ana nuna maka zaɓi uku a kan wannan, na ukun har da gargaɗi a rubuce cewa zai danne find da sort na Windows. Na tsakiyar, wanda aka riga aka zaɓa maka, foldar cmd ta Git kaɗai yake ƙarawa, kuma ya ishi kusan kowa.